Jakar Yashin Tasalla Mai Wanka

A ƙauyensu, can gabas da Tsamaye, ba a cewa Tasalla kawai, sai an ƙara da "mai wanka". Shekara talatin da ɗoriya, duk macen da ta cika a garin ko a rugagen da ke kewaye, ita ake aika wa. A wurin gwaggonta ta koyi aikin, tun tana da goyon fari. Kayan aikinta ba su da yawa: ƙwarya biyu, garin magarya, ɗan kafur a ƙulle cikin tsumma, almakashi, allura da zare, sai 'yar kujerar tsugunno wadda zama ya goge har tana sheƙi.

Aikin a ƙasa ake yin sa. A kwantar da mamaciya bisa ƙyaure, mai wanka ta zauna a 'yar kujerarta daga dama, ta tashi ta koma hagu, ta tashi ta juya ta, ta koma wajen kai ta yi kitso uku, ta sake tashi. Wata rana Tasalla ta ƙirga a zuciyarta, ta ga kafin a naɗe likkafani takan zauna ta tashi kusan sau ashirin. A lokacin ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba.

Abu ɗaya gwaggon ta nanata mata har ta rasu: abin da ido ya gani a ɗakin wanka, a ɗakin yake zama. Tasalla ta riƙe wannan. Ta ga tabon duka a jikin matan da ake cewa suna zaman lafiya, ta ga ramar da zane ya ɓoye shekara da shekaru. Ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinta ba.

Mutane suna girmama ta, amma daga ɗan nesa. Ranar biki akan zuba mata abincinta daban, da yawa kuma, a kai mata inuwa. Masu jego ba su cika miƙa mata jariri ba. Mutum ɗaya ce take sa hannu a ƙwarya ɗaya da ita ba tare da ta tsaya tunani ba, ita ce Saude, ƙawarta tun suna tallar gyaɗa. Saude mace ce mai baki, mai dariya da ƙarfi. Takan ce, "Hannun da ya wanke uwata shi za ni ƙyama? Matso da hurar nan, ƙawa."

Shekarar da mutanen daji suka hana noma, garin ya watse. Wasu suka tsallaka Nijar, wasu suka nufi Isa. Tasalla, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ta biyo ayari a ƙafa zuwa Sabon Birni, gidan ɗanta Halliru, mai kai gero da wake kasuwannin ƙetare yana dawowa da dabino. Saude ma ta sauka a garin, wurin ɗanta Jabir, amma a can ɗaya gefen, bayan tasha. Ga mai ƙafa ba nisa ba ne.

Gwiwoyin Tasalla sun fara magana tun kafin wannan tafiya, amma tafiyar ce ta ƙarasa su. Da safe sai ta ji su a sandare kamar an ɗaure da igiya. In ta miƙe sai su yi ƙara, in hadari ya taso sai su kumbura. An kira wanzami ya yi tsaga, ya yi ƙaho. An shafa man kaɗanya, an sha ƙwayoyin kemis har cikinta ya fara zafi. Daga nan Halliru ya kafa doka a gidan: Inna ba za ta ƙara ɗaga ko tsinke ba. Ya sayo mata farar kujerar roba mai hannu, aka ajiye a ƙofar ɗakinta.

Matarsa Lailatu yarinya ce mai ladabi, ta kuwa bi dokar da zuciya ɗaya. Tasalla ta kai hannu ga tsintsiya, Lailatu ta riga ta. Ta yunƙura za ta ɗebo ruwa, ga buta a gabanta.

"Haba Inna, ina raye? So kike unguwa ta ce na maishe ki baiwa?"

Haka aka yi shekara biyu. Tana sallah a zaune, tana cin abinci a zaune, tana kallon inuwar katanga tana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan. Garin yana da masu wankansa, matan Islamiyya da aka koyar da littafi. Ba wanda ya san abin da ke cikin ƙwaryar da ke rataye a ɗakinta, in ban da 'yan gulmar maƙwabta. Wata rana tana shafa mai ta lura cinyoyinta sun zube, fata ce kawai a kan ƙashi. Ta ja zane ta rufe.

Bayan ƙaramar Sallah sai ga Saude a keke mai ƙafa uku. Tasalla ba ta gane ta ba sai da ta yi magana.

"Ke, tsohuwa, an ba ki sarauta ba a gaya muna ba? Dubi kujera!"

"Shigo dai, mai baki. Mi ya cinye ki haka?"

Suka shiga ɗaki. Saude ta saki labule da kanta, ta zauna bakin gado tana maida numfashi. An taɓa kai ta Sakkwato sau ɗaya, aka dawo da ita da leda cike da magani da kuma wani irin kallo da ta gane ma'anarsa. 'Ya'yanta sun san ba ta da lafiya. Abin da ba su sani ba shi ne yadda abin ya koma a ƙarƙashin riga, don ita take wanke kayanta, ita take ɗaure wurin. Ta kwance zanen a hankali ta nuna wa Tasalla. Tasalla ta duba yadda ta saba dubawa, ba ta kau da kai ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta taya ta mayar da ɗaurin.

"Ke za ki wanke ni," in ji Saude.

"Ƙawa, dubi ƙafafuna."

"Na gan su, ba su taɓa yin kyau ba dama. Ni dai ban yarda yaran nan su gan ni haka ba. Ba mugaye ba na, amma yara na. Ɗaya za ta gaya ma uwatta, uwar ta gaya ma maƙwabciya, kafin sadakar uku an san ni har Kamarawa. Shekara sittin ina rufe jikina."

"Shekara biyu ban zauna ƙasa ba."

"To ki koya. Ni ma ba gobe za ni tahi ba, sai na ga kan sabon gero."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Aka dama fura, suka sha a ƙwarya ɗaya, ko da yake Saude ludayi biyu kawai ta iya.

Washegari da hantsi, bayan Lailatu ta tafi Islamiyya, Tasalla ta jawo 'yar kujerar tsugunno daga ƙarƙashin gado. Ta dafa bango, ta sauka a hankali, rabin hanya ƙafafun suka sake ta, ta faɗa a kai. Zama ya samu. Tashi ne ya gagara. Ta dafa ƙasa, ta kama ƙafar gado, ta yi ta yunƙuri har gumi ya jiƙa mata kallabi. A nan Lailatu ta dawo ta tarar da ita gab da azahar, ta ɗaga ta tana kuka tana cewa me za ta gaya wa maigida.

"Ki gaya mishi ya kai ni asibiti," in ji Tasalla.

Ta bakin Lailatu saƙon ya bi, don Halliru ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon idonsa, in magana ta kama sai ta yi ta da bango ko da wanda ke kusa.

A makon an ce wata likitar gashin ƙashi ta zo daga Sakkwato za ta yi kwanaki tana duba masu ciwon gaɓoɓi. Sunanta Rahmatu, 'yar siririya, ba ta fi sa'ar Lailatu ba. Halliru ya tsaya a waje. Rahmatu ta lanƙwasa gwiwar, ta miƙe ta, ta saurari ƙararta, ta matsa cinyar da yatsu. Ta ce Tasalla ta tura ƙafa ta ture hannunta. Hannun bai motsa ba.

"Inna, mi kike so ki iya yi wanda ba ki iyawa yanzu?"

Shekara biyu ana tambayarta ina ke ciwo. Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar.

"In zauna kujerar tsugunno, in tashi. Sau ashirin."

"Ashirin! Gasa za ki shiga?"

"Aiki na."

Rahmatu ta dube ta, ba ta ƙara tambaya ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa.

"Ba za ni yi miki ƙarya ba. Guringuntsin da ke cikin gwiwar nan ya cinye, kuma ba ya dawowa. Amma ba gwiwa kaɗai ke ɗaukar mutum ba. Naman cinyar nan shi ya kamata ya rage mata kaya, shi kuwa an zaunar da shi har ya manta aikinshi. Wa ya ce ki daina tashi?"

"Masu sona."

"Awo, kullum su na. To, za mu tashe shi."

Abu uku ta koya mata. Ta kwanta ta miƙe ƙafa ɗaya, ta ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga katifa, ta riƙe, ta sauke a hankali. Ta zauna bakin gado ta miƙe ƙafar gaba har gwiwa ta daidaita. Sannan ta tashi tsaye daga zaune ba tare da dafa komai ba: ta jawo duga-dugai baya, ta kawo hanci saitin yatsun ƙafa, ta tura ƙasa. Kowanne sau goma, ta huta, ta sake. Rana ɗaya a yi, rana ɗaya a huta. Bayan mako biyu ta ɗinka 'yar jaka ta zuba yashi gwangwanin madara biyu, ta ɗaura a idon sawu, duk mako biyu ta ƙara gwangwani ɗaya. Wurin zaman ma ta riƙa rage tsawonsa kaɗan-kaɗan.

"Zai yi ciwo?"

"Zai yi. In ciwon mai sauƙi na, ya lafa kafin gobe, ki ci gaba. In ta kumbura ta yi zafi, ki huta, ki rage yashin. Wata uku kafin ki ga abin kirki, kada ki yi fushi da shi tun mako ɗaya. Bari in kira ɗanki in yi mishi bayani."

Tasalla ta riƙe mata hannu. "Ɗan fari na. Ba a yin maganar cinyata gabanshi."

Rahmatu ta yi murmushi, ta zana mata hotunan motsin a takarda, ta rubuta 'yan kalmomi a ƙasa. Tasalla ta ninke ta soke a lalitarta. A waje Halliru ya tambayi iska ko an rubuta magani. Tasalla ta gaya wa bango cewa ba a rubuta ba. Ya yi tsaki a kan likitocin zamani, ya tsaya a kemis ya sayi man zafi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san in Lailatu ta gani za a ce Inna na wahalar da kanta, a ƙara mata matashi a kujera. Ban da haka, tsohuwa ba ta kwanciya tana ɗaga ƙafa sama a gaban suruka. Sai ta zaɓi hantsi, lokacin da gidan ke zama ita kaɗai da kaji.

Ƙidaya ta fara ba ta wahala, don hankalinta yakan tafi wurin ciwon ta manta inda ta tsaya. Sai ta koma kiran sunaye. Matan da ta wanke, goma na farko, a jere yadda suka tafi: gwaggonta, sai Inno matar maƙeri, sai Sadiƙa da ta rasu wurin haihuwa, har zuwa ta goma. Kowace ɗagawa da sunanta da "Allah ya jiƙanta". Ɗakin ya ɗan rage faɗi.

Da lokacin jaka ya yi, ta ɗebi yashi daga tarin da Halliru ya sauke a bayan gida don ginin shago. Yadi kuwa, ba ta da wani ƙyalle nata wanda ba ɗinkakke ba, sai guntayen farin alawayyo da ke cikin ƙwaryar aikinta, ragowar likkafani da iyalan mamata kan bar wa mai wanka. Ta haɗa biyu ta ɗinke da irin ɗinkin da hannunta ya sani, ta sa igiya biyu a baki. In ta gama sai ta tura jakar can ƙarƙashin katifa.

Mako na uku ta kusa bari. Cinyoyin suna zugi kamar an yi mata duka, ga gwiwar ba ta canja ba. Ranar nan Lailatu ta dawo da labarin cewa ta haɗu da matar Jabir, an ce Inna Saude ta daina fitowa tsakar gida. Tasalla ta ce Allah ya sawwaƙe. Da gari ya waye ta ɗaura jakar.

A mako na shida ta tashi daga bakin gado hannuwanta a ƙirji, har sau goma. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana jin mamaki, ba wanda za ta gaya wa. Ta koma kan buhun masara da ke jingine a ɗakin, wanda bai kai gadon tsawo ba. Akwai turmi a tsakar gida da tsawonsa ya fi dacewa, amma ba a zama kan turmi, ko ba mai gani. Daga buhu ta sauko kan tukunyar ƙarfe da ta kife ta ɗora tsumma. Yashin ya kai gwangwani biyar.

Ranar wata Asabar, Lailatu ta ce za ta shanya katifar Inna a rana. Tasalla tana bayan gida tana alwala, ba ta ji ba. Da ta fito, tsakar gidan shiru, Lailatu ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Ba ta shigo mata da abincin rana ba, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya.

Shekara huɗu ke nan da auren Lailatu. Ciki biyu ta yi, duka sun zube. Tun zuwan Tasalla akwai matan unguwa da ke ce mata ta riƙa kula, mai taɓa gawa ba a san abin da ke biyo ta ba. Ba ta taɓa ɗaukar maganar ba. Yau kuma ga farin ƙyallen likkafani, an ɗinke shi ruf, da ƙasa a ciki, da igiyoyi, a ɓoye ƙarƙashin katifa.

Bayan la'asar Halliru ya dawo. Tasalla tana kan farar kujera ta ga sun fito tare, shi da jakar a hannu ya riƙe ta da yatsu biyu, Lailatu a bayansa idanu jawur. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya sa wuƙa ya farke ɗinkin. Yashi ya zubo a ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Inna," ya ce da ƙasar, "wanga fa?"

"Ƙasar kabari ta," in ji Lailatu. "Inna, mi na yi miki? In wani laifi na yi, ki faɗa, in roƙe ki."

Tasalla ta dubi yarinyar da ta shekara biyu tana kawo mata ruwan alwala da ɗumi. Ta tuna ƙwaryar abincin da ake kai mata inuwa ranar biki. Ashe nisan nan ya biyo ta har cikin gidan ɗanta, yana zaune tare da su ba ta sani ba.

"Ɗiyata, ɗauko mini kujerar tsugunno."

Lailatu ta dubi mijinta, ta je ta ɗauko, ta ajiye a tsakiyar gida. Tasalla ta tashi daga farar kujera ba ta dafa hannunta ba. Wannan kaɗai ya sa Halliru ya ɗago kai. Ta taka zuwa wurin, ta gyara zane, ta sauka a hankali har ta zauna. Ta jawo duga-dugai baya, ta sunkuyo, ta tura ƙasa. Ƙafafun suna karkarwa, gwiwar ta yi ƙararta, amma ta miƙe. Ta sake zama, ta sake tashi. A na uku sai da ta dafa cinya. Ta tsaya tana haki, ta ciro takardar daga lalita ta miƙa wa Lailatu, mai karatun gidan.

Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta juya ta dubi Halliru a ido.

"Yashin gininka na. Tahi bayan gida ka ga inda na ɗiba."

Bai je ba. Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa. Lailatu ta karanta takardar sau biyu, ta zube a ƙasa ta kama ƙafar Tasalla tana neman gafara. Tasalla ta ce ba komai, ta yafe, kuma da gaske take. Amma a ranar ba ta iya cin tuwo ba.

Kwana biyu bayan haka ta tarar da sabuwar jaka a bakin gadonta, ta atamfa mai furanni, da yashi gwangwani biyar daidai. Tsintsiya ma aka daina ƙwace mata. Ba wanda ya tambaye ta dalilin sau ashirin, ita ma ba ta faɗa ba.

Saude ta ga kan sabon gero, kamar yadda ta ce. Ranar wata Alhamis da safe, a mako na goma sha ɗaya, Jabir da kansa ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce tsohuwa ta cika bayan asuba, kuma ta bar wasiyya sau uku cewa kada kowa ya taɓa ta sai Inna Tasalla. Ya faɗi haka yana satar kallon ƙafafunta.

Tasalla ta sauke ƙwaryarta daga rataya, ta hure ƙura. A ranar iyakarta a 'yar kujera sau goma sha biyu ne, da hutu a tsakani. Ta san haka. Lailatu ta ɗauki kujerar ba tare da an ce mata ba, ta bi ta a baya har cikin keke.

Gidan ya cika da mata. Biyu daga cikin masu wankan gari sun riga sun iso da safar hannunsu, suna jira. Babbarsu ta gaida Tasalla da ladabi ta ce, "Mama, ki zauna ki riƙa gaya muna, mu mu yi. Ƙafarki."

"Allah ya yi muku albarka. Ku dafa mini ruwa ya yi ɗumi, ku tsaya bakin ƙofa kada kowa ya shigo."

Mai zuba ruwa kawai take bukata. Ta dubi Lailatu. "Ki tsaya ta wajen ƙafa. In na ce zuba, ki zuba. Idonki kan buta."

Aka saki labule. Saude tana kwance bisa ƙyaure, an lulluɓe ta da zane, ta koma ƙarama kamar yarinyar da suke talla tare. Tasalla ta ajiye kujera daga dama ta zauna.

"To, mai baki, ga ni," ta ce a hankali. Ta yi bisimilla.

Ta yi mata alwala. Ta sa hannu ƙarƙashin zane ta kwance ɗaurin ƙarshe da Saude ta yi da hannunta, ta wanke wurin ita kaɗai, ta naɗe tsumman ta tura cikin ƙwaryarta. Ta tashi ta koma hagu. Ruwan magarya, dama sannan hagu. Ta tashi ta juya ta, ba nauyi ko kaɗan. Ta zauna. Ta tashi. Ba ta ƙirga ba, amma jikinta yana ƙirgawa. A wanki na biyu gwiwar hagu ta fara zafi kamar an sa garwashi. A na uku, na kafur, ta yunƙura daga wajen kai bayan ta gama kitso, ƙafafun suka ƙi.

Ta ji butar Lailatu ta motsa.

"Inna, in zo?"

"Tsaya inda kike."

In Lailatu ta zagayo ta ɗaga ta, sai ta bi ta gefen da zanen ya ɗage. In aka kira na bakin ƙofa, shi ke nan. Tasalla ta ja numfashi sau uku. Ta jawo duga-dugai har suka taɓa ƙafar kujera. Ta kawo hanci saitin yatsu. Ta kira sunan gwaggonta a zuci, kamar kowane hantsi, ta tura ƙasa da duk abin da wata uku suka tara mata. Ta miƙe. Ta gyara zanen tukuna, sannan ta share hawayen da zafin ya matso.

Saura ya zo da sauƙi. Ta tsane ta, ta sa auduga mai kauri inda ya kamata, ta naɗe likkafani ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure kai da tsakiya da ƙafa. Ta shafa goshin ta saman yadi. Ta ɗaga labule.

Mata suka taso. Wata tsohuwa ta matso tana tambaya ƙasa-ƙasa yadda ta same ta, don an ce ciwon ya ci jiki.

"Allah ya jiƙanta," in ji Tasalla. "Ku kira maza."

Gwiwar ta kumbura kwana biyu, ta yi zafi. Ta huta kamar yadda Rahmatu ta ce, ta rage gwangwani biyu daga jakar. Tsumman nan ta ƙone shi da kanta a bayan gida, ta binne tokar.

Tun daga ranar ba a ƙara aiko mata ba. Garin yana da masu wankansa, kuma suna yi da kyau. Tana sharar ƙofar ɗakinta, tana ɗebo ruwanta, farillai tana yin su a tsaye in gwiwar ta yarda. Farar kujerar roba ta koma zaure, baƙin Halliru ke zama a kai. Lailatu takan dama mata fura ta kawo, ta tsaya jim a bakin ƙofa kamar mai son cewa wani abu, sannan ta koma. Ludayi ɗaya ne a ƙwaryar.

Da hantsi, rana ɗaya bayan ɗaya, in gidan ya zama ita da kaji, takan zauna bakin gado ta ɗaura jakar atamfa a idon sawu. Likita goma ta ce. Tasalla takan yi goma sha ɗaya, na ƙarshen da sunan Saude.